Akori-kurar Lawwali a Cikin Yashi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gaba na akori-kurar Lawwali ya san ƙafarsa ta hagu 'yar hutu ce. Da ita yake taka kuloci ya tayar da mota daga tsaye, daga nan aikinta ya ƙare, sai ya naɗe ta gefe, wani lokacin ma ya zare takalmin yana sosa ɗan yatsa. Sauran giyoyin duk da kunne yake sa su. Zai ba mota wuta har injin ya kai muryar da yake so, ya ɗan sassauta totur, ya zare giya da yatsa biyu zuwa firi, inda ba giyar da ke ci, ya saurara kaɗan, sai ka ji ta faɗa ta gaba sumul, ba gurza ba kuka. In zai sauko da giya ƙasa kuwa, a firi yake ɗan zaburar totur sau ɗaya ya tura. Baƙon fasinja yakan leƙa ƙasa ya ga ko akwai wata ƙafar da bai lura da ita ba.

Wannan gwaninta ita ta ciyar da shi, ita ta yi masa suna a tashoshin Ƙanƙara da Faskari da Mairuwa har Sabuwa. Ita ce kuma ta fitar da mota cike da mata da yara daga ƙauyensu wata safiya da ake gudun rai. A wannan safiyar dai ta shiga tsakaninsa da taubashinsa Shamsu, kuma har yau bai san ta inda zai kama gyaran abin ba.

An haifi Lawwali a Unguwar Gide, wani ɗan ƙauye da ke bayan Mabai, inda kowa manomi ne ɗan manomi. Shi dai tun yana ƙarami jininsa bai haɗu da fartanya ba. In an kai shi gona, kafin kowa ya yi gumi ya miƙe tsaye yana sauraren ko mota za ta wuce can kan hanya. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji, ya haɗa shi da Alhaji Mani, wani mai babbar mota a Faskari da ke kwasar hatsi da auduga daga ƙauyukan Sabuwa zuwa Funtuwa. Alhaji Mani mutumin kirki ne, amma in kana son ganin ɓacin ransa, ɗora ƙafa a kan kuloci ba dalili. Yana da wata 'yar tsumagiya da yake ajewa a kan cinyarsa, kuma gwiwar Lawwali ta hagu ta san ta sosai.

"Kuloci na tashi ne da tsayawa," haka Alhaji Mani yake ce masa. "Tsakanin nan kunnenka ne aikinka. In ba ka jin abin da injin ke hwaɗi, koma gona, ubanka shina neman hannu."

Lawwali bai koma gona ba. Ya gurza haƙoran giya, ya sha tsumagiya, ya sha baƙar magana, har kunnen ya buɗe. Bayan shekaru ya samu tasa ta kansa, tsohuwar akori-kura wadda ba mai iya rantsewa da asalin launinta, ya auri Fatsuma, ya dawo gida ya zama direban ƙauye. Ranar kasuwa shi ke ɗaukar buhuna da awaki da masu su. Ranar da ba kasuwa shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko amarya, shi ke kai 'yan gaisuwar mutuwa. Kik ɗin motar, wato abin da ke murza injin in an murɗa makulli, ya daɗe da gajiya, in tana da kaya ba ya iya motsa ta. Saboda haka kullum a kan gangaren ƙofar masallaci take kwana, da dutse a gaban taya. Da safe sai a cire dutsen ta gangara ta kama da kanta.

Aibinsa ɗaya, baki. Lawwali bai iya yin abu ya yi shiru ba. A tasha yakan ce masu taka kuloci a kowace giya ba direbobi ba ne, masu daka ne, a ba su turmi. Direbobi suna jin haushi, amma ba wanda ya taɓa jin giyarsa ta yi kuka balle ya rama.

Mutum ɗaya ne ke iya bakin Lawwali, shi ne Shamsu. Uwar Lawwali da uban Shamsu ciki ɗaya suka fito, wato shi da Shamsu taubasai ne, irin 'yan'uwan da al'ada ta yarje wa su tsokani juna ba mai fushi. Su biyun sun riƙe taubasantakar nan da gaske fiye da yadda wasu ke riƙe sana'a. Ba a taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Shamsu dogo ne kakkaura, manomi mai kiwon raguna, komai nasa a hankali yake yi ban da magana. In ya hango Lawwali da safe sai ya ce, "Bawan gidanmu, an kwana cikin baƙin mai?" Lawwali ya ce, "Sarkin nawa, yau ma rana ta riga ka gona." Ranar ɗaurin auren Lawwali, Shamsu ne ya ɓoye takalman ango a cikin rumbu. Ranar sunan ɗan fari na Shamsu, Lawwali ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana raɗa masu cewa bunsuru aka yanka. Da mahaifin Lawwali ya rasu, Shamsu ne ya haƙa kabarin. Ya zauna kusa da Lawwali duk kwanakin zaman makoki, sai ranar da za a tashi ya dube shi ya ce, "Ka daina ɓata huskar nan haka, dama can ba kyau gare ta ba." Lawwali ya yi dariya hawaye na zuba, kuma a ranar ya fara cin abinci.

Babban wasansu a kan hanya yake. Duk lokacin da Lawwali ya hango Shamsu a bakin hanya ya ɗaga hannu, sai ya rage gudu kamar zai tsaya. Shamsu na miƙa hannu zai kama ƙofa, sai ya ƙara wuta kaɗan, ya leƙo ta taga yana cewa, "Ba kuloci, sarkin nawa, sai ka yi gudu." Da farko Shamsu yakan bi motar da gudu, babbar riga na kaɗawa, fasinja na ta dariya. Amma wasan kullum ƙarshensa ɗaya ne, Lawwali zai je gaba kaɗan ya tsaya ya jira shi. Da Shamsu ya gane haka sai ya daina gudu. Ya rantse a gaban jama'a ba zai ƙara bin motar bawan gidansu da gudu ba. In Lawwali ya wuce shi, sai ya gyara hula ya bi sawun taya yana tafiyar ƙasaita, ya iske mota na jiransa, ya buɗe gidan gaba ya kori wanda ke ciki in yaro ne, ya ce, "Ja mu tahi, direba." Shekara da shekaru haka suke yi, ba wanda ya gaji.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka cika dajin, gonakin nesa suka zama abin tsoro, ƙauyuka suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya. Direbobi da yawa suka bar hanyoyin ƙauye suka koma kan kwalta. Mai taya Lawwali lodi ma ya tattara ya tafi kudu neman abinci, bai samu wani ba. Fatsuma ta roƙe shi su koma Ƙanƙara, ya ce in ya tafi wa zai kai mai naƙuda asibiti. Gaskiya ce, amma akwai wata gaskiyar da bai faɗa ba, Shamsu ya ce shi ba inda za shi ya bar gonar ubansa.

A ƙarshen wata damina, dawa ta fi tsawon mutum, Lawwali na dawowa daga kasuwar Mairuwa sai ya taka kuloci a wata mahaɗa ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa ba abin da ya tare ta. Kuloci ya mutu murus. Wani direban da nan zai kwana, amma shi ko a jikinsa. Ya sa aka tura shi, mota na motsawa ya jefa giya, ya kamo hanya. Abin da ya sani, kuma kowane direba ya sani, shi ne mota mara kuloci tana tafiya muddin tana tafiya. In ta tsaya cik, giya ba za ta shiga ba sai an tura ta ko ta samu gangare. Ya iso gida bayan magariba ya aje ta a wurin kwananta. Fatsuma kaɗai ya gaya wa, ya ce da safe zai kai ta wurin Abdulganiyu bakanike a Ƙanƙara.

Da safen bai kai ga shan koko ba aka fara jin harbi ta arewacin ƙauye. Mutanen Unguwar Gide sun riga sun san yadda ake yi. Maza masu ƙarfi suka faɗa cikin dawa, don su ake fara nema. Mata da yara da tsofaffi suka yo kan motar Lawwali. Aka cika bayanta har wasu na zaune kan wasu. Fatsuma ta shiga gaba, aka ɗago Baba Mas'ud, tsohon ladan wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, aka zaunar da shi kusa da ita. Hussaina matar Shamsu ta zo da goyo a baya tana jan yara biyu.

"Ina sarkin nawa?" Lawwali ya tambaye ta. Ko a wannan halin bakinsa bai iya kiran sunan ba.

"Tun asuba ya tahi gonar bakin rahi," in ji Hussaina.

Lawwali ya ɗan samu sanyi, don gonar a kan hanyarsu take. Ya zagaya bayan motar ya ɗaga murya. "Kowa ta riƙe ɗanta da kyau. Motar nan ba kuloci. In ta tsaya, ta tsaya ke nan, kuma ba mai tura ta cikinku." Ya ture dutsen da ƙafa, ya faɗa ciki, ta gangara, ya jefa giya ta biyu, injin ya yi tari ya kama.

Daga ƙauyen zuwa kwalta hanyar burji ce, amma kafin rafi akwai wani dogon yashi da ruwan damina ke tarawa kowace shekara, dawa ta rufe shi hagu da dama. Ko da lafiyayyen kuloci ba mai son tsayawa a nan da kaya. Lawwali ya zaburi totur ya sauko giya ta ɗaya tun kafin ya shiga, tayoyi suka fara nitsewa suna fita, mota na nishi. A tsakiyar yashin ne ya hango Shamsu.

Ya fito daga cikin dawa ta hannun dama, ba hula, rigarsa ta jiƙe da gumi da raɓa. Da gani ya sha gudu. Ya dafa gwiwoyinsa yana haki, ya ɗago kai ya ga motar, sai fuskarsa ta saki. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda ya saba.

Lawwali ya sassauta totur iyakar abin da injin zai ɗauka. Motar ta koma tafiyar da ba ta fi saurin mai sassarfa ba, tana karkarwa, sitiyari na rawa a hannunsa. Ya san in ya ƙara sassautawa ko da kaɗan ne za ta mutu. Fatsuma ta miƙa hannu ta kan Baba Mas'ud ta tura ƙofa ta buɗe. Lawwali ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Shamsu, ba kuloci. Rugo ka kama."

Shamsu bai motsa ba. Yana dafe da gwiwa ya girgiza kai, ya ce cikin haki, "Ba yau ba, bawa. Yau ba ranar wasa ba ce. Tsaya."

"Wallahi ba kuloci. Rugo."

Motar ta zo daidai shi, taku kaɗan tsakaninsu, ta fara wucewa. Matan baya suka ɗauki ihu gaba ɗaya, wannan na cewa ya rugo, wannan na cewa a tsaya, wannan na salati, muryoyin suka cakuɗe da kukan yara da ƙarar injin har ba a jin ta kowa. Hussaina na dukan rufin motar da tafin hannu, ta yunƙura za ta dira, tsofaffi biyu suka riƙe ta saboda goyon da ke bayanta. A madubi Lawwali ya ga Shamsu ya miƙe, ya share fuska da gefen riga, ya shigo tsakiyar hanya ya fara bin sawun taya. Ba gudu yake ba. Tafiya yake irin ta mutumin da ya tabbata ana jiransa a gaba, har ya ɗaga wa Hussaina hannu alamar ta kwantar da hankalinta.

Lawwali ya dubi dama ya dubi hagu, kunyoyin dawa ne masu laushi, ba wurin juyawa. Ƙafarsa ta hagu ta taka kuloci da kanta, ta tafi ƙasa a banza. Ya sake takawa. Ƙafar dama ta je kan birki ta tsaya. In ya taka, Shamsu zai iso, ya shiga, sannan dukansu su zauna a cikin yashi da mata da jarirai su jira abin da ke tafe. Ta bayansu, can wajen ƙauye, ya fara jin ƙugin babura. Ya mayar da ƙafar kan totur, kuma bai taɓa jin ya tsani hannunsa da kunnensa ba irin wannan lokacin.

Hanya ta karkata, dawa ta rufe Shamsu. Motar ta faɗa rafi ta fita, ta kama hawa. A ƙarshen hawan akwai tudu, bayansa gangare ne mai tsawo, kuma nan ne wuri na farko da zai iya tsayawa ya sake tashi. Yana kaiwa ya zare giya zuwa firi, ya taka birki, ya fito da rabin jikinsa ta taga yana duban baya. Daga tudun ana hango wani yanki na yashin ta saman dawa. Ya ga farar rigar Shamsu ƙarama tana tahowa. Yanzu kam gudu yake, ya ji baburan. Ya yi ta gudu har ya kusa karkatar hanyar. Sai baburan suka shigo yashin, suka wuce shi, suka zagaye shi, farar rigar ta tsaya.

Lawwali ya kama ƙofa zai fita, Fatsuma ta riƙe masa riga. Baba Mas'ud, wanda tun da aka taso yake jan carbi, ya miƙo hannu ta kan Fatsuma ya ɗora masa a cinya.

"Tahi, Lawwali," ya ce a hankali. "Ran da ke cikin motar nan ba naka ba ne kai kaɗai. Saki birkin."

Ya saki. Motar ta gangara, ya jefa giya, ta shiga sumul kamar kullum. Har suka hau kwalta suka isa Ƙanƙara giya ɗaya ba ta yi kuka ba. A bakin tasha ya zare ta ya taka birki, ya kashe injin, ya kifa kai a kan sitiyari. Mata suka sauka suna sa masa albarka. Hussaina ce ta ƙarshe. Ta zo bakin taga, idanunta sun kumbura, ta ce, "Na ga ka tsaya bisa tudu, Yaya Lawwali. Ni na gani." Ya kasa ɗago kai ya dube ta.

A ranar Abdulganiyu ya sauke giyabos, wato akwatin giya, washegari aka kawo kayan gyara daga Funtuwa, kafin la'asar kuloci ya dawo sabo. Lawwali ya zauna a cikin motar yana taka shi yana saki, yana jin yadda yake turo ƙafarsa. Gyaran da bai fi wuni biyu ba. Ya yi ta lissafa inda ya kamata a ce ya yi dabam: da ya kwana a Mairuwa, da ya wuce Ƙanƙara kai tsaye, da ya leƙa gidan Shamsu a daren ya gaya masa, da tun farko bai taɓa ƙirƙiro wannan wasan banza ba. In ya ɗauki biyun farko sai ya ga da motar ba ta kwana a ƙauye ba, da matan nan ba su fita ba. Ba inda lissafin ya ba shi hutu.

Mutanen Unguwar Gide suka rarrabu a gidajen dangi a Ƙanƙara. Labari ya zo cewa Shamsu na raye a hannun mutanen daji. Lawwali ya ci gaba da aiki a kan kwalta, Ƙanƙara zuwa Faskari, Faskari zuwa Mairuwa, don ga iyalinsa ga na Shamsu. Amma bakin nan ya mutu. A tasha direbobi suka riƙa ba da labarin yadda ya ratsa yashi da rafi da mota cike ba kuloci, suna jinjina masa, shi kuwa in an fara sai ya tashi ya bar wurin. Abin da ke cin ransa ba ya wuce ɗaya: Shamsu bai ga tsayuwarsa a kan tudun ba. Abin da Shamsu ya gani na ƙarshe shi ne bayan mota tana shiga kwana, da maganar da ya saba ji a bakin taubashinsa in ana wasa. Kullum Lawwali na tuƙi yana shirya yadda zai yi masa bayani, ya gyara nan ya sauya can, har ya haddace.

Sai da aka gama girbi sanyi ya shigo sannan Shamsu ya fito. Dangi sun san abin da suka rabu da shi kafin hakan ta yiwu, kuma ba su so a tayar da zancen. An kawo shi gidan wan Hussaina. Lawwali na jin labari ya aje lodi ya tafi. Ya iske zaure cike da masu jaje, Shamsu na zaune a kan tabarma jingine da bango, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa, ƙafafunsa duk tabo. Lawwali ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a ce masa bawan gidanmu. Ko da ashar ne ma yana so.

Shamsu ya ɗago ido ya gan shi, ya gyara zama, ya miƙo hannu biyu.

"Malam Lawwali, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina iyali?"

Lawwali ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya durƙusa ya kama hannun, duk bayanin da ya haddace ya watse. Ya ce, "Shamsu, kulocin nan da gaske ya mutu. Wallahi tun ranar kasuwa ya mutu. Na tsaya bisa tudu, na jira ka, Baba Mas'ud shina nan da rai, tambaye shi."

"An hwaɗa mani," in ji Shamsu. "Hussaina ta hwaɗa mani, kowa ya hwaɗa mani. Ka hidda mani iyali, ka riƙe su. Mi zan ce? Allah shi saka da alheri." Ba fushi a muryarsa, ba gatse. Masu jaje suka amsa da amin, wani ya ce ai Lawwali ya yi abin da ba kowa zai iya ba.

Lawwali ya ce wa kansa gajiya ce, in ya murmure zai dawo. Ya bar shi ya huta. Ya riƙa aika Fatsuma da fura da nama. Shamsu ya yi ƙiba kaɗan, ya fara fita, ya samu aikin ɗaukar buhu a kasuwar hatsi, har an ji yana tsokanar wasu taubasansa mata. Amma duk inda suka haɗu da Lawwali sai ya tsaya ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi yara.

Wata rana da yamma Lawwali na dawowa daga Faskari ba kowa a gidan gaba, ya hango shi a bakin kwalta wajen shiga gari yana tafe da buhun dusa a ka. Bai ɗaga hannu ba. Lawwali ya taka kuloci ya taka birki tun daga nesa, ya tsaya cik a gabansa, ya ja birkin hannu, ya fito ya zagaya ya buɗe masa ƙofa. Ya tattaro abin da ya rage masa na ƙarfin hali.

"Sarkin nawa," ya ce. "Da wannan tahiyar taka sai gobe ka kai gida. Shiga."

Shamsu ya tsaya yana dubansa. Leɓensa ya motsa kamar amsar ta zo, Lawwali ya ga ta zo, ya tsaya yana jira. Sai Shamsu ya sunkuyar da kai ya aje buhun a bayan mota.

"Na gode, Malam Lawwali. Bari in zauna nan baya wurin kayana, kar in takura maka."

Ya hau baya ya zauna a kan buhun ya juya fuska ga hanyar da suka baro. Lawwali ya rufe ƙofar da ya buɗe, ya koma ya ja motar. A ƙofar gida Shamsu ya sauka ya sake yin godiya, ya yi masa addu'ar Allah ya kiyaye hanya.

Da ya isa nasa masaukin Fatsuma ta ga fuskarsa ta aje kwanon tuwon da ta ɗauko. Ta ce an gaya mata an ga Shamsu a motarsa, ta tambaye shi ko sun yi magana.

"Mun yi," in ji Lawwali.

"Mi ya ce maka?"

Ya zauna a bakin tabarma yana cire takalmi.

"Gaishe ni ya yi, Fatsuma," ya ce. "Har da addu'a."